Koren Shafin Rigar Yero

Har gobe in mata sun zauna hira a Sabon Birni, ba a rasa wata mai ƙaton baki da za ta ce Zulaihatu tela ta yanka zanen toshi ta ɗinka wa farkanta riga. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma Allah ya isa tsakanin Zulai da wadda ta fara ƙaga ta. Yero bai taɓa riƙe ko gefen mayafinta ba. Wadda ba ta kwana da yunwa a shekarar nan ba, ta ja bakinta ta yi shiru, ta ji yadda anka yi.

Shekarar da gulbi ya koma rairayi ce. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone, har mata sunka koma tonon gidan tururuwa suna sheƙe tsabar da ta ɓoye.

Ana cikin haka Baba Sodangi, ƙanen marigayi mahaifin Zulai, ya shigo gidan da hantsi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

"Maroƙi ba shi shiga zuri'ata, Zulai. Na gaya miki, na ƙara."

Ƙafarta ta tsaya bisa keken ɗinki.

"Baba, Yero ba maroƙi ba na. Bai taɓa miƙa ma kowa hannu ba. Waƙa shika yi cikin wasan Malam Atiku, wanda za a kai gasa Sakkwato."

"Bahillacen da shanunai sunka mace, ya rasa abin yi, ya hau dandamali shina kuka gaban mata da yara, mi za a kira shi? Ko danginai sun ce ya zubar da kunya. Ke kau bazawara, ga uwa kwance ɗaki ido ya tahi, kin samu kamar Alhassan kina jan aji."

"Ban taɓa ce ma Alhassan i ba."

"Kin ce mashi a'a? Geron da ke zuwa tare da toshinai, wa ya daka shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"To kowa ya ci ladan kuturu, shi yi mashi aski. Ran Juma'a nika son amsarki, gaban shaidu."

Ya fice bai ko leƙa ɗakin matar wansa ba.

Gaskiya guda za a ba shi: geron an daka, an kuma ci. Alhassan ɗan kasuwa ne mai babbar mota. An rufe iyaka a lokacin, amma duk wata ɓarauniyar hanya da ta ɓulla Maraɗi ya san ta kamar yunwar cikinsa. Tun da Zulai ta fita takabar mijinta, wanda ya mutu ya bar mata keken ɗinki, Alhassan yake aiko da toshi ta hannun Baba Sodangi. Sabulu, turare, turmin atamfa, kuma kullum da ƙunshin gero a ƙasan kaya. Ita ba ta karɓa da hannunta ba, ba ta kuma mayar ba. Wa ke mayar da gero yana kallon uwarsa na lasar leɓe?

Daga cikin ɗaki mahaifiyarta, Inna Habi, ta kira ta.

"Zulai."

"Na'am, Inna."

"Ba don cikina nika magana ba. Ni na ci nawa zamani. Amma in na kau da kai, wa gare ki? So ba shi aza tukunya bisa murhu, ɗiyata."

"Inna, auren farko zaɓinku na bi, ban yi gardama ba har Allah ya raba. Wanga karon ma ba ni da ta cewa?"

"Kina da ita. Yunwa ta ba ta da kunne."

Zulai ta koma bisa keke, hawaye na ɗiga a kan wata riga mai launin toka da ta ɗan naɗe don kada a ga shafinta na ciki.

Ga yadda rigar ta samo asali.

Malam Atiku malamin firamare ne mai son wasan kwaikwayo. Ya tsara wasa wanda daga farko har ƙarshe waƙa ce, ba magana, ya tara samari da 'yan mata da masu kalangu da mai sarewa. Wata rana ya ji Yero zaune bakin busasshiyar mashaya yana rera waƙar shanunsa da sunka mutu, yana kiran su da sunayensu, sai ya ce ya samu wanda zai fito a matsayin Daji. Zulai kuwa anka ba ɗinkin kayan wasan gaba ɗaya, tare da tarin buhunan agaji da anka zazzage, don su kaɗai ne yadin da Malam ya iya samowa. A wajen awon kaya sunka fara haɗa ido da Yero. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba.

Da buhu ta yi abin da har yau ake labari. 'Yan matan da za su fito a matsayin Ruwa, ta tsaga musu farin buhu siri-siri, ya zubo daga kafaɗa har idon sawu. Ta daddaƙe marufan kwalabe ta ɗinke a bakin kowane sili, in sun juya sai ka rantse yayyafi ne bisa kwano. Mai fitowa a Rana ta rina masa nasa da jar ƙasa.

Rigar Daji ce ta hana ta sakat. Malam ya ce Daji zai fito a bushe ya yi kukan shanunsa, sa'an nan in kalangu ya sake murya, 'yan Ruwa su kewaye shi, su dare, a gan shi ya yi kore shar. Ba labule, ba damar fita a sake kaya.

Zulai ta ce riga guda za ta yi mai fuska biyu. Ba maɓalli, ba aljihu, wuya mai faɗi, ɗinki a ɓoye ta kowane gefe, yadda zai zare ta ya juya ya mayar kafin mai sarewa ya ja numfashi. Wajen ta rina shi da toka da gawayi, ta bi shi da facin tsummoki. Saura shafin ciki, wato koren.

To kore a ina? Ta zaga kasuwar Sabon Birni, ta aika kasuwar Isa, ta aika ta Bafarawa, babu. Marina ta ƙafe. Ta ce bari ta kirɓa ganye ta rina, ganyen ma mutane sun riga ta, sun cinye. Koren da ya rage a duk faɗin Gobir yana cikin adakarta: atamfar toshin Alhassan, mai zanen zangarniyar gero da ɗigo-ɗigon fari. Turmi guda tak ya shigo da shi daga Maraɗi, sai da ya rataye shi ƙofar shagonsa ran kasuwa kowa ya gani, sa'an nan ya aiko.

Ta daɗe da almakashi a hannu. Ta ce a ranta, Sakkwato za a kai rigar, wa ya san atamfar a Sakkwato? Abin da za ta gaya wa Alhassan in ya tambaya, wannan ta ture shi gefe. Ta sa almakashi.

Washegarin zuwan Baba Sodangi, Yero ya zo gwajin riga. Malam Atiku ya tsaya ƙofar zaure da rediyonsa a kunne, su biyu suna ciki. Yero dogo ne, fari ya tsotse shi har wuyansa ya zama kamar na zalɓe. Ya sa rigar ta fuskar toka. Ta ce ya zare ya juya.

Ya juya, ya tsaya cak.

"Zulai, ina kinka samo damina?"

"Ba a tambayar tela inda ta samu yadi."

Ya shafa zanen zangarniyar da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai tsoron ta kakkaɓe.

"Haka fadamar Tsamaye take zamanin da nika kai shanuna Saye da Woɗe kiwo. Har na mance kamannin wanga launi."

"Ka tahi da ita ka koyi juyawa. Cikin ɗaki, kai kaɗai. Kada ido shi ga cikinta sai bisa dandamalin Sakkwato. Ka ji ni?"

"Na ji. Baba Sodangi kuma?"

"Juma'a ya ba ni."

Ya jingina da bango.

"Ko akuya ba ni da ita, Zulai. Malam ya ce in wasan ya yi kyau, gidan rediyo na neman mai waƙa. Shi kaɗai nika riƙe da shi. Ki jira in je in dawo."

"Wasan sai bayan Juma'a, Yero."

"Na sani."

"To mi za ni ce musu?"

Ya mayar da tokar waje, ya naɗe rigar ya sa a hammata.

Kafin Juma'ar ta zo, mai shela ya zaga gari. Liman ya ce a ɗauki azumi, a fito filin idi da hantsi a yi sallar roƙon ruwa. Ban da ado, ban da turare. Kowa ya sa tsofaffin kayansa, a je wa Allah da ƙasƙanci.

Masu cewa da gangan Yero ya yi, su ji tsoron Allah. Babbar rigarsa ya daɗe da sayar da ita ya sayi dusa lokacin da yake ƙoƙarin ceton saniyarsa ta ƙarshe. Abin da ya rage masa 'yar shara ce wadda ba a shiga sahu da ita. An ce a zo da tsofaffin kaya, ga riga a ɗakinsa mai launin toka duk faci. Ya ce wannan ai kamar don sallar anka ɗinka ta, cikinta kuwa wa zai gani? Shi a ruga ya tashi. In ruwa ya ƙi su, tattara shanu suke su bi gajimare. Bai taɓa tsayawa sallar roƙon ruwa a cikin gari ba, bai san yadda ake ƙare ta ba.

Inna Habi ta ce ko da rarrafe sai ta je. Zulai ta riƙo hannunta, sunka zauna can baya cikin tsofaffi. Filin ya cika. Babu kalar komai a cikinsa sai ta ƙasa: ƙasa, mutane, tsummoki, duk ɗaya.

Tana ɗaga kai ta hango ɗinkinta.

Tela ba ta ɓatan ɗinkinta ko cikin dubu. Ga Yero can sanye da rigar, kusa da gaba, a bayan Baba Sodangi, Alhassan na gefen damansa ba nisa.

Ita 'yar gari ce, ta san abin da ke zuwa. Ta yunƙura, Inna ta damƙe mata hannu.

"Ina za ki? An ta da salla."

Ina kuwa za ta? Mace ta keta sahun maza ta je ta raɗa wa namiji magana a kunne? Ta koma ta zauna tana roƙon Allah ya sa liman ya manta.

Liman bai manta ba. An yi raka'a biyu, ya yi huɗuba, mutane na kuka. Sai ya juya ya fuskanci alƙibla, ya kama mayafinsa ya juya shi, ciki ya koma waje, dama ta koma hagu, don Allah ya juya mana hali kamar yadda anka juya tufa. Maza sunka bi shi. Mai mayafi ya juya mayafi, wanda ba shi da shi ya zare riga ya juya.

Yero ya duba dama, ya duba hagu. Zulai na ganin ƙeyarsa. Ya riƙe wuyan rigar da hannu biyu, ya ƙi motsi.

Wani tsoho kusa da shi ya zungure shi, da muryar da ta kai har sahun mata.

"Juya mana, ɗan Hillani. Ko kai ka riƙe muna ruwan?"

Kawuna sunka waiwayo. Me zai yi? Ya ƙi, a ce shi ya hana gari ruwa? Ya zare ta ya juya ya mayar cikin numfashi guda, yadda ya koya a ɗaki.

Kore ya tashi a tsakiyar filin kamar an dasa shi.

Wallahi abin da ya fara fitowa daga bakin mutane ajiyar zuciya ce. Mutanen da sunka yi wata da watanni ba su ga ɗanyen ganye ba. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Sai can wata, wadda Allah ya san ta, ta ce a hankali:

"Wagga ba atamfar da Alhassan ya kai ma Zulai toshi ba ta?"

Maganar ta bi sahun mata kamar wuta a busasshen kara, ta tsallaka na maza. Alhassan ya waiwaya sau ɗaya, ya dubi rigar tun daga wuya har ƙasa, ya mai da kansa gabas. Ya ci gaba da addu'a har anka shafa.

Ana shafawa samari sunka yi wa Yero ca. Wani ya fizgo kafaɗar rigar ta yage. Da Malam Atiku bai shiga tsakani ya ja shi cikin makaranta ba, da abin ya fi haka.

Inna Habi ba ta gani, amma kunnenta ras yake. Duk abin da anka faɗa ta ji shi.

Ruwa bai zo ba. Wani ɗan gajimare ya taso daga gabas da azahar ya watse. Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci: an shigo da rigar wasa filin salla, shi ya kori hadarin. Kamar dai kafin rigar ruwa ake ta shatatawa.

Baba Sodangi ya shigo ba sallama.

"Kin gama da ni, Zulai. Gaban liman, gaban gari."

"Baba, ni na yanka. Yero bai san ko ta wa ce ba."

"Rufe mani baki. Na hito daga wurin Alhassan, na duƙa ma yaron da na girme ma ubanai. Ɗan halak na, ya ce shina haɗiye kunyar. Ki warware koren daga jikin rigar, ki kai mashi da hannunki, ran Juma'a ki ce kin yarda. Shi ke nan, an binne."

"In ban yi ba?"

"Kin san al'ada. Wadda ta ƙi mutum, ta maida mashi kayanai yadda sunka zo. Turminai guda ya kawo, ba ƙyallaye ba. Tunda kin yanka, keken ɗinkin nan shika ɗauka madadinai. Kuma ni kada ki ƙara kirana Baba."

Ya dubi ɗakin Inna ya ɗaga murya.

"Habi, ki yi ma ɗiyarki magana. In keke ya tahi, gero ya tsaya, sai ku ci waƙa."

Bayan fitarsa Zulai ta dafa keken ɗinkin. Keken nan shi ne gonarsu, shi ne rumbunsu. Ko a cikin farin, ana kawo faci da ɗinkin likkafani, a ba ta ɗan abin da za a dama kunu.

Rana ta yi sanyi sai ta ji sallama a zaure, ƙasa-ƙasa. Ta san muryar.

Yero na tsaye da 'yar shararsa, leɓensa a kumbure. Rigar na naɗe a hannunsa. Ya ajiye ta a ƙasa tsakaninsu.

"Don mi ba ki gaya mani ba?"

"Da na gaya maka, ka sa ta?"

"A'a."

"To shi ya sa."

"Kin ce kada ido shi gani, na ce na ji. Ni na kai ta gaban gari da ƙahwata. Na ja miki abin da har ki mutu ana hwaɗi. Malam ya gaya mani sharaɗin da anka ba ki. Ki warware, Zulai. Ga ta nan na kawo."

"Kai ke cewa in warware?"

"Ni na. Kawunnena na tashi da sauran shanunsu, kudu za su. Za ni bi su. In ba ni cikin gari, magana na mutuwa."

"Wasan kuma?"

"Malam shi nemi wani Daji."

"Ni kuma in nemi wani Yero?"

Ya kau da kai, hawaye na bin kumatunsa. Bafillace ne, ya fi son a yanka shi da a ga haka, amma bai share ba.

"Na ga shanu na mutuwa, Zulai. Na san yadda yunwa ke yi. Tana hwarawa da tsohuwa. Za ta duƙa, ki ɗaga ta, ta tashi. Gobe ki ɗaga ta, ta ƙi. Na yi ta ɗaga Saye da itace har hannuna ya tsage. Ba ni iya tsayawa in ga an yi ma Inna haka saboda ni."

Ta zauna daɓas bisa dakalin zaure. Kukan da ta riƙe tun filin idi ya ƙwace mata.

"Kana tsammani ban sani ba? Ni ke wanke ta. Ni na san yadda hannunta ya koma. Duk loma guda da na ba ta daga geron mutumin nan, sai in ji kamar naman jikina nika saidawa da mudu. Na yi shiru, na yi shiru, har shiru ya zama alkawari. Ranar da na sa almakashi cikin atamfar nan, Yero, ita ta rana guda da na yi abin da raina ke so tun da anka haihe ni. Yanzu ka zo ka ce in bi ɗinkin in warware shi da hannuna?"

"Mi za ku ci?"

"Ban sani ba."

"To kin gani."

"Na gani. Ka amsa mani guda. In ba Inna, in ba yunwa, kana tahiya kudu?"

"Ko da sanda ba a korata."

Ta share ido da bakin zane, ta ɗauki rigar ta shiga cikin gida. Yana hango ta daga ƙofar zaure. Ta shimfiɗa rigar bisa keke, koren a sama. Ta jawo 'yar akwatin zare ta ɗauko reza.

Yero ya rufe ido.

Ya ji ƙarar yanka, guda ɗaya. Da ya buɗe, rigar na nan yadda take. Bel ɗin keke ne ke reto, a tsinke.

Ta ɗauke rigar ta aza bisa igiya. Ta kwance kan keken daga teburinsa, ta naɗa gammo, ta durƙusa.

"Zo ka aza mani."

"Zulai, ki tsaya ki yi tunani."

"Tunani ya kai ni inda nike. Aza mani, ko in kira maƙwabta."

Ya aza mata. Ta ce ya jira a zaure, kada ya biyo ta.

Ta bi ta tsakiyar kasuwa, ba ta ratse ba. Mahauta sunka bar hira, masu awo sunka bi ta da kallo. Ƙarfen ya danne mata wuya, ga azumi, ga idon mutane, amma ba ta sauke ba sai ƙofar shagon Alhassan.

Yana zaune bisa buhu da carbi. Ya dubi kan keken, ya dube ta.

"Ba shi na ce ki kawo ba."

"Shi na kawo. Ƙahwar keken tana gida, ka aiko a ɗauka."

"Zulai, na zaga Maraɗi rumhwa-rumhwa kahin in samu atamfar nan. Na ce ranar da za ki shigo gidana ita za ki ɗaura. Mi na yi miki?"

Nan ta ji wani abu ya soke ta, don ba ƙarya ya yi ba.

"Ba ka yi mani komi ba sai alheri, Alhassan. Laihina guda, ban ce maka a'a ba tun ranar hwarko. Yau na ce. Ka gahwarce ni."

"Kin san abin da kinka ajiye nan?"

"Na hi kowa sani."

Ya daɗe yana jan carbi. Mutane sun taru nesa kaɗan, kowa ya yi kamar yana cinikin wani abu. Da ya buɗe baki muryarsa a kwance take.

"To na karɓa. Mun rabu lahiya. Sai ki gaya ma mawaƙinki, motar da Malam Atiku ya roƙa ta kai su Sakkwato, tawa ta. Ba ta zuwa."

Duk garin ba wata babbar mota sai tasa.

Ba ta san yadda ta kawo gida ba. Kanta ba kaya, amma ya fi nauyi. Yero na zaure inda ta bar shi. Ya miƙe yana duban fuskarta, ta wuce shi ta shiga ciki.

A tsakar gida ta tsaya.

Inna Habi ta fito da kanta, da lalube. Tana zaune bisa tabarma kusa da teburin keken da ya rage ba kai, rigar na bisa cinyarta. Yatsunta sun gano yagewar kafaɗar. A ɗaya hannun allura ce, tana ta kai zare yana wucewa ta gefe.

"Ke ta, Zulai?"

"Ni ta, Inna."

"Kin kai?"

"Na kai."

"Na ji ƙarar rezar. Na ɗauka rigar kinka yanka, sai da na shahwa na ji ta lahiya." Ta miƙo allurar da zaren. "Idona ya ƙi. Zura ki kama mashi kahwaɗar ga, ba a hawa dandamali da yagaggar riga."

Zulai ta durƙusa ta karɓa.

"Inna, ba mota. Alhassan ya hana."

"Bahillace na. Da mota ya san Sakkwato?" Tsohuwar ta juya fuska wajen zaure. "Kai, ɗan Hillani. Kwana nawa kuke kai shanu Sakkwato da ƙasa?"

Daga zaure Yero ya amsa.

"In an tashi da asuba, Inna, ana isa kahin ranar wasan."

"To ka ji."

Zulai ta zura zare, ta juya kafaɗar rigar, ta fara kama ɗinkin ta yadda ba zai nuna ba ko ta wace fuska. Ta yi ɗinki kaɗan, Inna ta kamo gefen zanenta, ta rage murya yadda na zaure ba zai ji ba.

"Ki yi sauri tun da sauran haske. Kuma kada ki buɗe tukunyar gero gabanai. Na lalaba ta ɗazu, ko na kunun buɗa baki babu."